Shagon Baba, Aljihun Kowa

Mu dai a nan ƙasar Tambuwal da Kebbe ba mu cika fara sana'a da bare ba. Wanda Allah ya buɗa wa ya kafa shagon kayan masarufi a bakin titin da ya taso daga Sakkwato ya nufi Jega, ƙanensa zai kira ya zauna masa. Wanda ya sayi injin niƙa a Dogon Daji ko Sanyinna, ɗansa ne zai riƙa tayar da shi da sassafe. Mai motar ɗaukar albasa da shinkafa, ɗan yayarsa ne yaron mota, in ya ƙware ya zama direba. Haka muka taso muka gani, kuma akwai hikima a ciki. Naka ba ya gudu da kaya ya bar gari, don ya san idanun da za su kalle shi ranar suna da ranar jana'iza. Ga shi kuma abin da aka samu gida ɗaya zai shiga.

Amma ka zauna a kowace majalisa bayan la'asar, za a lissafa maka shagunan da aka rufe bayan sadakar arba'in ɗin masu su, ba tare da an yi dogon tunani ba. Injin da ya yi shekaru yana ciyar da gida guda, ga shi can an lulluɓe da buhu don an kasa daidaitawa a kan mai riƙe makulli. Mota tana jingine a kan duwatsu, tayoyi sun tafi. Wa da ƙane da suka ci tuwo a akushi ɗaya, yanzu sai gaisuwar bakin masallaci. In an tashi bayani sai mu ce kwaɗayi ne, ko mata ne suka shiga tsakani, ko an yi musu farraƙu. Ni kam na fi ganin laifin wani abu da muke ɗauka ladabi ne: ba ma maganar kuɗi da namu. Kunya muke ji. Kunyar nan kuwa ajiye rigima take yi, ta bar ta tana girma har ranar da mai raba gardama ya kwanta dama.

Ku duba yadda abin ke farawa. Yaro ya gama sakandare yana zaune. Baba ya ce, "Taho ka kama min, ai duk abinku na." Shi ke nan an ƙulla. Ba a ce ga albashi ba, ba a ce ga kaso cikin riba ba, ba a ce shekara kaza za ka yi in sallame ka ba. Yaron ma ba zai tambaya ba, domin ɗa na kirki ba ya tsayawa ciniki da mahaifinsa. Yana ci a gida, in sabulu ya ƙare ya ɗauka a kanta, in lokacin aure ya yi Baba ya haɗa lefe ya biya sadaki ya gyara masa ɗaki. Shekara goma, sha biyar. Shi ya san dillalan kasuwar Singa a Kano, shi ya san wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, shi ya mayar da shago ɗaya ya zama biyu har da sito. A tsakanin nan ƙanensa ya tafi Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuɗin makaranta daga aljihun teburin shagon suke fita, ya gama ya samu aikin gwamnati. Wani ɗan'uwan nasu kuma yana Legas yana nasa neman, sai salla-salla ake ganinsa.

Ranar da Baba ya cika, malamin da aka kira rabon gado ba zai tambayi wanda ya fi shan rana ba. Abin da mamaci ya bari shi ake rabawa: ɗa namiji da ɗa namiji daidai, mace rabin namiji, matan aure su raba tumuni a tsakaninsu. Wannan hukuncin Allah ne, ba mai ja. Tambayar da ke tayar da ƙura ita ce wadda ta riga rabon: cikin abin nan da ke shago, wanne ne na Baba, wanne ne na yaron? Sai ka ji mai shago ya ce, "Ni nis sha ranar shagon ga, ƙuruciyata nan taƙ ƙare." Ɗan boko ya amsa, "Yaya, ai ka ci ka sha, cikinai anka yi maka aure, cikinai kag gina." Kowannensu gaskiya ya faɗa. Babu takarda, babu shaida, wanda zai warware ta da kalma ɗaya kuma yana maƙabarta.

Abin da ke ba ni mamaki, iyayenmu manoma sun fi mu fayyace wannan lamari nesa ba kusa ba. A gandu kowa ya san haƙƙinsa. 'Ya'ya da ƙanne suna yi wa maigida aiki a babbar gona daga safe zuwa azahar, shi kuma ciyarwa tana kansa, da haraji, da kayan aiki, da auren fari. Bayan wannan akwai kurga, wadda mutanen Kano ke kira gayauna: ɗan fili da aka yanka wa yaro yana nomawa da yamma, abin da ya fito nasa ne, ya sayar ya sayi riga ko akuya, ba mai ce masa don me. An kuma san gandu ba na har abada ba ne. In yaro ya yi iyali ya kawo ƙarfi, ana iya yanka masa gona ya kafa tukunyarsa, ba wanda zai ce ya yi wa uba tawaye. Polly Hill, Baturiyar Ingila da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta rubuta littafi a kan zaman karkarar Hausa a 1972, ta lura cewa gandun uba da 'ya'ya shi ke jimawa, na wa da ƙane bayan rasuwar uba bai cika yin nisa ba. Kakanninmu sun san haka tun kafin a rubuta, shi ya sa suka yi masa tanadi. Mu da muka koma kasuwa sai muka ɗauko biyayyar gandu muka shigo da ita shago, muka baro kurga a gona. Yaro yana aiki dare da rana, babu ko taƙi ɗaya da zai nuna ya ce nasa ne. Wanda kuwa ba a yanka wa ba, wata rana shi zai yanka wa kansa a ɓoye, daga nan zargi ya samu ƙofa.

'Yan kasuwar Ibo masu sayar da kayan gyaran mota a Sakkwato da Jega, tun ranar da aka kawo musu yaro ake faɗin shekarun da zai yi, a gaban iyayensa, in sun cika a sallame shi da jari. Mu ma ai muna sallamar yaron shago in bare ne, har mu yi alfahari da yaran da muka yaye. Ɗan cikinmu ne kaɗai ba ma sallama.

Sai maganar aljihu. A yawancin shagunanmu aljihun tebur shi ne aljihun gida. Cefane daga nan, kuɗin asibiti daga nan, ragon suna, gudummawar biki, kujerar Makka, har ƙarin aure. Mutum ya ci dukiyarsa ba laifi ba ne, don ita ya nema. Matsalar ba a rubutawa, ba a kuma raba uwar kuɗi da riba, sai jari ya riƙa zaizayewa ba a sani ba, ranar da kanta ta yi fayau a juyo ana kallon mai zaman shago. In gidan mata biyu ne ko uku, abin ya ƙara yaji. Ɗan ɗakin uwargida ne ke riƙe da makulli, to duk ledar da ta shiga ɗakin uwarsa, ɗakin amarya ya ƙirga ta. An aiko yarinya karɓar sukari an ba ta rabin abin da ta saba gani a ɗaya ɗakin, ta koma ta faɗa. Ƙananan abubuwa ne, ba a kai su gaban Baba, amma ba a manta su. 'Yan ubanci a cikin irin waɗannan ledoji yake tsira.

Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya ƙaro mana sabon salo. Da aka sauya fasalin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu ɗaya, tsaba ta ɓace, masu saye suka koma tura kuɗi ta waya. Baba ba ya hulɗa da irin wannan, wani ma ba shi da asusun banki, sai aka riƙa ba da lambar asusun yaro. Tsaba ta dawo, al'adar ta zauna. Yau cinikin buhun shinkafa, da kuɗin da abokinsa ya turo masa, da na adashensa, duk a asusu ɗaya suke kwana. Ko yaron ya kai kowa amana, bayan wata shida shi kansa ba zai iya tsince nasa daga na shago ba. In kuma Allah ya ɗauki ransa kafin Baba, kuɗin suna cikin asusu mai sunansa, matarsa da 'ya'yansa za su ce na maigidansu ne, kuma ba za ka ce sun yi ƙarya da gangan ba. Gyaran wannan bai kai wahalar zuwa Kano saro kaya ba. A yi wa shago rajistar suna, a buɗe masa asusun kansa, saƙon shiga da fitar kuɗi ya riƙa zuwa waya biyu.

Ga kuma dukiyar da ba mu cika ambata ba, ta mata. Shaguna nawa aka tayar da kuɗin adashen uwargida, ko awakinta, ko 'yan kunnen zinaren da ta sayar lokacin da jari ya karye? A cikin ɗaki ta miƙa, ba shaida, domin mijinta ne uban 'ya'yanta. A shari'a dukiyar mace tata ce. In rance ta bayar, bashi ne a kan mamaci, bashi kuwa ana fitar da shi kafin a taɓa wasiyya, balle gado. Amma ranar rabo tana cikin takaba, kanta a sunkuye, ba ta da bakin cewa jarin farko nata ne, in ma ta faɗa ɗakin kishiya zai ce ina shaida. Haka 'ya'ya mata. Sai a ce musu, "Ku bari rabonku shi zauna cikin shago, ana juya muku." Shekara biyar ana juyi, ba ta ga komai ba sai turmin atamfa da salla. Ranar da ta daure ta tambaya, a ce mijinta ne ke zuga ta. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji ana cewa mata ne ke raba kan 'yan'uwa. Sau da yawa matar da ake zargi ita ce kawai ta furta lissafin da kowa ke yi a zuci.

Iyaye da yawa niyyarsu mai kyau ce, sai dai a baki suka bar ta. Uba zai ce a gaban abokansa, "Shagon ga na ba wane." Amma makulli yana hannunsa, shi ke karɓar ciniki, shi ke yanke shawara har ciwon ajali. A mazhabar Malikiyya da alƙalanmu ke hukunci da ita, kyauta ba ta kammala sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin ya mallake shi tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. In mai kyauta ya rasu babu hauzi, abin ya koma gado. Wani kuma sai a gadon asibiti zai ce a bar wa wane shago. Wannan ta zama wasiyya ga magaji, ba ta wucewa sai sauran magada sun yarda. Ga kuma hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, inda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ƙi shaidar kyautar da aka keɓe ɗa ɗaya da ita aka bar 'yan'uwansa. Don haka hanyar da ta fi tsabta ita ce lada. A biya yaro haƙƙin aikinsa wata-wata, ko a yanka masa kaso sananne cikin riba. Abin da ya tara ya zama guminsa, babu ɗan'uwan da zai ce an fifita shi, babu kuma malamin da zai zuba shi cikin gado.

Wadda ta fi sa ni tausayi ita ce ta marayu. Ɗan da ya raya shago ya riga mahaifinsa rasuwa, bayan shekara biyu kakan ya bi shi. Matuƙar akwai 'ya'ya maza a raye, jikokin nan ba su da kaso a gadon kaka. Da an biya mahaifinsu ladansa tun yana raye, da nasa suka gada. Ko bayan rasuwar tasa akwai mafita, don kaka na iya yi musu wasiyya har sulusin dukiya tun da su ba magada ba ne, ko ya ba su kyauta a karɓa musu a gaban shaidu. Duk wannan sai an buɗe baki tun da rai.

To me ya sa ba a buɗewa? Duk wanda ya taɓa gwadawa ya san amsar da ake samu: "Mutuwata kaka jira?" Bai kamata mu yi wa dattawan nan gaggawar hukunci ba. Mutum ya fara da tire a ka, ya bi kasuwannin ƙauye a kan keke, ya tara abin nan ƙwandala-ƙwandala. Shagon shi ne majalisarsa, shi ne dalilin da ya sa ake durƙusa masa a gaishe shi, ake kawo masa ƙara. Yana tsoron ranar da ya miƙa makulli zai koma mai roƙon kuɗin goro a hannun ɗansa, kuma ya ga waɗanda hakan ta faru da su. A wajensa kai da kaya duk mallakar wuya ne, ɗan nasa ne, abin da ɗan ya samu ma nasa ne. Wani dattijon kuma zai ce maka rubutu tsakanin uba da ɗa alamar rashin yarda ce. Ina jin nauyin wannan magana. Sai dai takardar ba don su biyun ake yin ta ba, don waɗanda za su zauna ne ranar da ɗayansu ba ya nan. Kuma biyan ɗa ladansa ba ya nufin Baba ya sauka daga kujera. Yana nan a matsayin mai jari, ribarsa na zuwa hannunsa, sai dai yanzu ya san nawa ce.

Ba sai mun je nesa neman abin koyi ba. Garin Tambuwal yana alfahari da Muhammadu Buhari ɗan Shehu, Gwandu kuma ga ta nan kusa da mu. Shehu Usmanu bai bar rabon aiki sai bayan ransa ba. A 1812 ya danƙa yamma ga ƙanensa Abdullahin Gwandu, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, shi ya koma ga karantarwa. Da ya rasu a 1817 an samu ɗan tsamin zuciya tsakanin baffa da ɗa a kan wanda zai gaje shi, har suka daidaita a Kalambaina lokacin da Bello ya kawo wa baffansa ɗauki. In irin waɗannan bayin Allah sun ɗanɗani nauyin wannan rana duk da rabon da aka yi tun da wuri, ina ga gidan da ba a taɓa cewa uffan ba?

A fagen kasuwa kuwa, gidan da Hausawa suka fi ambata shi ne na Alhassan Dantata. Shi kansa ya ga abin da rabon gado ke yi wa gidan fatake. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana yaro a Bebeji, gida ya watse, ɗan rabon da ya samu bai kai shi ko'ina ba, sai da ya sake tasowa daga ƙasa da fataucin goro ta hanyar Gwanja, daga baya gyaɗa. Da ciwon ajali ya kama shi a Kano a 1955, ya yi wa 'ya'yansa wasicin su haɗa kai kada kamfani ya rushe. A nan masu ba da labarin suka saba tsayawa. Abin da ba a cika ƙarasawa ba, tun yana raye manyan 'ya'yan kowa na da nasa hannun, kuma an raba gadon bisa shari'a kowa ya san nasa. Ahmadu ya ja kamfanin har ya rasu a 1960, Aminu ya karɓa. Sanusi yana da tasa harkar ta gyaɗa da sufuri. Mamuda ya kama jigilar alhazai, daga nan sunan Wapa da ke Fagge ya samo asali. Haɗin kan ya yiwu ne domin kowa na da inda ya kafa ƙafarsa. Jikan Sanusi, Aliko Dangote, da zai fara kasuwanci a 1977, rance aka ba shi daga dangin mahaifiyarsa, ya juya ya biya. Rance da adadinsa, a tsakanin jini ɗaya. A nan wajenmu da yawa za su kira wannan rashin kara, ni kuwa ina ganin shi ya ba yaron damar cewa ribar tasa ce.

Masu kuɗin duniya ma ba su tsira ba. Dhirubhai Ambani, mai kamfanin Reliance na Indiya, ya rasu a 2002 bai bar wasiyya ba. 'Ya'yansa biyu, Mukesh da Anil, suka shiga takun saƙa har jaridu suka ɗauka. A 2005 mahaifiyarsu ce ta zaunar da su ta raba: babban ya riƙe man fetur da sinadarai, ƙaramin ya ɗauki sadarwa da lantarki da harkar kuɗi. Rabon bai hana su zuwa kotu a kan iskar gas ba, amma a 2019, da bashi ya kusa kai ƙaramin kurkuku, wansa ne ya biya masa. Mu ma a nan, sau nawa Inna ce kaɗai ke iya tsawatar wa ƙarti masu gemu su yi shiru? Abin da muke rasawa shi ne mu bar ta ta shiga maganar jarin kanta, ba ta ban haƙuri kaɗai ba.

A 'yan shekarun nan wata fitina ta shigo wadda kakanninmu ba su yi mata tanadi ba. 'Yan bindiga sun addabi ƙauyuka a Kebbe da wasu sassan Tambuwal, kamar yadda suka yi wa maƙwabtanmu na Gummi da Bukkuyum a Zamfara. In an ɗauke mutum ba mai tsayawa lissafi. A sayar da shanu, a fitar da hatsin da aka ajiye, a kwashe jarin shago. Daidai ne, rai ya fi dukiya. Bayan ya dawo an yi barka, sai tambaya ta zauna a zukata ba mai iya furtawa: kuɗin fansar nan daga rabon wa suka fita? Gida ne ya ɗauka gaba ɗaya, ko bashi ne a kan wanda aka sace? Magana ce mai zafi, na sani, ga mutumin da bai gama warkewa ba. Amma in an yafe, a tara manya a ce an yafe, kowa ya ji. In wani ya ba da nasa na kansa a matsayin rance, a ambata. In aka bar ta a rufe, 'ya'yan da ba su san tashin hankalin wannan mako ba su ne za su tono ta.

In rigima ta fito fili muna da matakanmu, masu kyau kuwa. A fara da baffa ko kawu, sai aminin marigayi, sai liman, sai hakimi, sai uban ƙasa. Kotun shari'a ita ce ta ƙarshe, kuma har yau kai ɗan'uwa gaban alƙali abu ne da ake jin nauyinsa. Inda muke gazawa, zaman sulhu da yawa nasiha ce zalla. A kawo falalar zumunci, a ce ƙarami ya ba babba haƙuri, a shafa fatiha, a tashi. Ba a buɗe littafi ba, ba a ƙirga buhu ko ɗaya ba. Kafin damina ta zagayo an koma gidan jiya. Zaman da ke ɗorewa shi ne wanda aka gayyato ɗan kasuwa mai irin sana'ar, wanda ba dangi ba, ya shiga sito ya ƙiyasta kaya da farashin ranar. A lissafa bashin da ake bin shago da wanda shago ke bi, a ware na mata, sannan a zauna zaɓi. Injin niƙa ba ya rabuwa gida bakwai, in kuma an sayar wa bare an kashe abincin gida. Ko dai wanda ya iya aikin ya saye rabon sauran, a yanka masa wa'adi ya riƙa biya bayan kaka, ko ya karɓi injin haya, kuɗin hayar a raba bisa kason gado. In tsabar jari ce, littattafan fiƙihunmu suna da babin ƙirali: kuɗi na masu shi, aiki na mai juyawa, riba a raba bisa kason da aka ambata tun farko, asarar da ba ta sakaci ba ta faɗa kan jari. In ginin shago ne ko fili da ba a raba ba wani ya matsu zai sayar da rabonsa, abokan tarayyarsa suna da haƙƙin shufu'a, su ne a gaba da bare. In kuma duk wannan bai yiwu ba, a rabu da rana tsaka, kowa ya buɗe nasa. Wa da ƙanen da suka rabu a kan lissafi bayyananne sukan ci gaba da aika wa juna masu saye.

Ranar fara wannan magana ma tana nan cikin shekararmu, ita ce ranar fitar da zakka. Ɗan kasuwa mai juya kaya, sau ɗaya a shekara wajibi ne ya ƙiyasta hajarsa, ya haɗa da tsabar da ke hannu da bashin da yake sa ran za a biya shi, in ta kai nisabi ya fitar da ɗaya cikin arba'in. Da yawanmu kintace muke yi. In za a yi ta yadda ya kamata, sai a rufe shago yini guda, Baba na zaune, mai zaman shago na ƙirga, ɗan boko na rubutawa, a kuma karanta wa iyaye mata da 'ya'ya mata abin da aka samu. Ba wanda zai ce ana jiran mutuwarsa, farilla ake saukewa. A kan takardar nan za a ga uwar kuɗi, a ga riba, a ga abin da gida ya ci, a rubuta rancen uwargida, a yanka ladan yaro. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma ba ta cire 'yan gida ɗaya ba.

Ɗa dai ba zai iya kai wa mahaifinsa wannan shawara ba, in ya kai ma ba za a saurare shi ba. Aikin abokan Baba ne, waɗanda suke zaman tabarma ɗaya da shi, waɗanda suka halarci rabon gadon tsaransu suka ga yadda ta kaya. Daga bakinsu zai ji, musamman in mai faɗar ya riga ya yi a nasa shagon, ya kuma zo da littafin ya buɗe masa ya gani.